Thorough, comprehensive, exhaustive, intensive ko rigorous: wacce ta dace da aikinka?

Ɗalibin da ke rubuta babi na biyu na kundin digirinsa, da ma'aikaciyar da aka ce ta miƙa rahoto kafin Litinin, da mai cike takardar neman aiki, duk sukan cije a wuri ɗaya. Suna son su faɗa da Turanci cewa an yi aikin sosai, ba sama-sama ba, sai ƙamus ya jero musu *thorough*, *comprehensive*, *exhaustive*, *intensive* da *rigorous* kamar duk kanwar ja ce. Yawanci sai a ɗauki wadda ta fi tsawo ko ta fi cika baki. A nan ake samun matsala, domin kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan alkawari ce daban, kuma wanda ya san harshen zai nemi a cika masa ainihin alkawarin da aka ɗauka. Malamin da ya ga *exhaustive* a shafi na 12 zai fara laluben abin da aka tsallake, wanda kuwa ya ga *rigorous* zai juya babi na uku ya ga ta wace hanya aka bi.

Ma'aunan zaɓi

Abu na farko shi ne abin da kalmar take aunawa. Wata zurfi take nufi, wata faɗi, wata ƙurewa, wata yawan ƙarfin da aka zuba cikin ɗan lokaci ko ɗan wuri, wata kuma tsaurin ƙa'ida. Hausa ma ta bambanta su: wanda ya ce an bi abu filla-filla bai ce an kwashe shi kakaf ba, wanda ya ce an duƙufa ba ji ba gani bai ce an bi ƙa'ida sau da ƙafa ba.

Na biyu shi ne farashi, wato hujjar da za a nema a hannunka idan ka rubuta kalmar. Akwai mai araha, akwai wadda sai ka yi watanni kana aiki kafin ka cancanci rubuta ta sau ɗaya.

Na uku ƙarko: idan aka buɗe rubutun bayan shekara biyu, maganar tana nan a kan gaskiyarta ko ta rushe?

Na huɗu sauƙin rubutu da furuci da nahawu. Na biyar kuma haɗari, domin kusan kowace tana da 'yar uwa mai kama da ita a ido, wadda ma'anarta ta yi hannun riga da abin da kake nufi, kuma manhajar gyaran rubutu ba za ta ja mata jan layi ba tunda ita ma kalma ce ta gaskiya.

Thorough

Asalinta ɗaya da *through*, wato ratsawa. A tsohon Turanci kalma ɗaya ce, daga baya suka rabu, mai gaɓa ɗaya ta riƙe ma'anar ratsa wuri, mai gaɓa biyu ta zama sifa. Har yanzu ana ganin tsohuwar ma'anar a *thoroughfare*, hanyar da ta ratsa ta ɓulle. Aikin da aka kira *thorough* shi ne wanda aka shiga ta wannan gefe aka fita ta wancan, ba a tsallake lungu ba. Da Hausa sai a ce an duba ciki da bai, ko an bi diddigi, ko kuma binciken ƙwaƙwaf kamar yadda ake ji a labaran rediyo.

A ɗauki makanikin da aka kai wa mota 'yar Kwatano ya duba kafin a biya. Wani zai tada inji, ya saurara, ya taka totur sau biyu, ya ce lafiya lau. Wani kuma zai zaro sandar awon baƙin mai ya murza man tsakanin yatsunsa ko akwai ruwa a ciki, ya buɗe murfin lagireto tun injin yana da sanyi, ya hau da motar kan rami ya haska ƙarƙashinta da tocila yana neman walda a jikin shasi, ya danna kowace kusurwa ya ga yadda shokozoba ke dawowa, sannan ya fita da ita titi ya shiga kowace giya har da ribas. Aikin na biyun shi ake kira *a thorough inspection*. Bai kwance injin ba, bai gwada kowane ƙusa ba, amma duk inda mai hankali zai duba ya duba.

Ta fuskar farashi ita ce mafi daidaito. Abin da ake nema shi ne ka iya lissafa matakan da ka bi, kuma kada a sami babban giɓi. Ƙarkonta yana da kyau ƙwarai, saboda tana bayyana yadda aka yi aikin ne a lokacin da aka yi shi; ko an gano sabon abu daga baya, ba ya soke cewa an yi aiki da kula. Tana da wata falala kuma: ana siffanta mutum da ita. *She is very thorough* yabo ne mai nauyi ga akanta ko nas ko mai duba takardu. Tana karɓar *very*, *more* da *most* ba tare da wata tangarɗa ba. Ta fi zama da *investigation*, *check*, *search*, *examination*, *cleaning*, *knowledge* da *understanding*.

Bayanau ɗinta, *thoroughly*, ya fi ita kanta yawo, musamman a jikin kwalaben magani da buhunan maganin feshi da takardun kiwon lafiya. Mai fassara ya kula a nan, domin "sosai" kaɗai ba ta cika isar da saƙon. *Cook thoroughly* na nufin naman ya dahu har ciki, babu ja-ja a jikin ƙashi. *Wash hands thoroughly* na nufin tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce da babban yatsa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta zai ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu. Gara a fassara da aikin da ake so a yi.

Rauninta yana wajen rubutu da furuci. Tana cikin dangin nan masu rikitarwa: *though*, *through*, *thought*, *tough*, *trough*. Harafi ɗaya ya faɗi, *a thorough investigation* ta koma *a through investigation*, wadda ba ta da ma'ana, ko kuma *through investigation*, wadda ke nufin "ta hanyar bincike". Dabarar tunawa ita ce *thorough* tana da *o* biyu da gaɓa biyu, *through* tana da *o* ɗaya da gaɓa ɗaya. Sautin farkonta babu shi a Hausa, shi ya sa yakan fito kamar "s". Ana yin sa ne da kan harshe tsakanin haƙora. Mutanen Ingila suna ƙare kalmar da gajeren wasali mai kama da "a", mutanen Amurka da "o", duka biyun daidai ne, *gh* ɗin kuwa ba a furta shi.

Comprehensive

Daga Latin take, daga kalmar da ke nufin kamawa a haɗe, kamar yadda ake rungumo damin itace. Faɗi take aunawa: an taɓo dukkan manyan sassan abu. Gamamme, ko cikakke, ko wanda ya ƙunshi kowane fanni. Ba ta yi alkawarin zurfi a kowane sashe ba. Littafin da ya yi shafi biyu a kan kowace cuta ta dabbobi yana iya zama *comprehensive*, alhali wanda ya yi shafi 300 a kan ciwon hanta na shanu kaɗai *thorough* ne.

Misalin da ya fi fito da iyakarta shi ne yarjejeniyar zaman lafiyar Sudan da aka sa wa hannu a Nairobi ranar 9 ga Janairu 2005, wadda sunanta na Turanci ya fara da wannan kalma. An kira ta haka ne don ta haɗa rabon mulki, da rabon arziki, da tsarin tsaro, da batun Abyei, da na Kudancin Kordofan da Blue Nile, da ƙuri'ar raba gardamar da ta kai ga 'yancin Sudan ta Kudu a 2011. Amma rikicin Darfur, wanda ke ci a daidai lokacin, ba ya cikinta. Ta game manyan sassan rikicin da ta ɗauka, ba ta ƙure matsalolin ƙasar ba.

Wannan ce kalmar da farashinta yake fitowa da naira a zahiri. Hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta sa kuɗin inshorar mota ta gida mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani ya zama naira 15,000 daga 1 ga Janairu 2023, ta kuma ce inshorar *comprehensive* kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar naira miliyan 10 ke nan za ta ci aƙalla naira 500,000 a shekara. Mai motar da ya biya wannan kuɗi yakan ɗauka an rufe masa komai, sai ranar da abu ya faru ya tarar takardar tana da shafin abubuwan da aka ware: lalacewar tsufa, tuƙi ba lasisi, tuƙi cikin maye, ko yin haya da motar da aka yi wa rajistar gida. Kalmar ba ta yaudare shi ba, ma'anarta ke nan: haɗari da gobara da sata da ɓarnar wani duk suna ciki, amma da iyaka.

A rubutu, hujjar da ake nema ita ce jerin sassan. Idan ka ce *a comprehensive report* a kan makarantun firamare na ƙaramar hukuma, mai karatu zai duba ko akwai gine-gine, malamai, yawan ɗalibai, kayan aiki, ruwa da banɗaki, da kuɗi. Ɗaya ya ɓace, kalmar ta faɗi. Ƙarkonta matsakaici ne, domin fanni yakan haifi sabon reshe. Jagorar kasuwanci da aka rubuta kafin zuwan POS ba ta zama gamammiya a yau. Ba a siffanta mutum da ita. Ta fi zama da *list*, *guide*, *plan*, *report*, *review* da *coverage*. A Ingila kuma *comprehensive school* makarantar sakandare ce ta gwamnati da ke ɗaukar yara ba tare da jarabawar tacewa ba, tsarin da ya bazu daga 1965. Kada a fassara ta da "makaranta mai koyar da komai".

Tarkonta shi ne *comprehensible*, wato abin da ake iya fahimta. Tushensu ɗaya, kuma ɗalibai sun saba da *comprehension* a jarabawar WAEC, shi ya sa hannu yakan zame. Rahoto yana iya zama gamamme amma ya gagari fahimta.

Exhaustive

Wannan ce mafi tsada, kuma ita aka fi ɓarnatarwa. Tushenta na Latin yana nufin ɗebo ruwa har ya ƙare. Duk wanda ya taɓa ganin yasar rijiya ya san hoton: ana ta jan guga har ruwan ya koma laka, mai yasa ya sauka ya kwashe lakar, ya fito da tsofaffin gugogi da igiyoyin da suka tsinke shekaru, har sai ƙasan rijiyar ya bayyana. Idan ka rubuta *exhaustive*, cewa ka yi ka kai ƙasan, babu sauran ko ɗigo.

Saboda haka tana yin aiki ne kawai inda abin yake da iyaka sananniya. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Jigawa 27, Najeriya duka 774. Jerin da ya kawo 44 na Kano *exhaustive* ne. Wanda ya kawo 43 ba shi ba ne, ko da an ƙawata shi da taswira. A ilimin kwamfuta *exhaustive search* shi ne gwada kowace amsa mai yiwuwa ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗon akwati mai lamba uku yana da haɗi 1,000. Idan kowane gwaji na cin daƙiƙa uku, minti 50 ya isa a ƙure shi. Mai lamba huɗu yana da 10,000, wato awa takwas da minti 20. Lamba ɗaya aka ƙara, aikin ya ninka sau goma, kuma haka farashin wannan kalma yake hauhawa a kowane fanni.

Inda take kayar da mutane shi ne bitar ayyukan magabata a kundin digiri. Ɗalibi ya karanta maƙaloli 30 ya rubuta *an exhaustive review of the literature*. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ambaci aiki ɗaya tak da ba ya cikin jerin, shi ke nan jimlar ta zama ba gaskiya ba, kuma shakkar ta shafi sauran babin. Giɓi ɗaya ba ya karya *thorough*, amma yana karya *exhaustive* nan take. Ƙarkonta ma shi ne mafi rauni: ko yau ka ƙure, wata mai zuwa wani zai wallafa sabon aiki. Wanda dole sai ya yi amfani da ita, to ya yi mata shinge, ya faɗi rumbunan bayanan da ya bincika, da kalmomin da ya nema, da harsunan da ya ɗauka, da shekarun da ya tsaya a kai, misali daga 2000 zuwa 2023. A cikin wannan shinge ana iya kare ta.

Abin sha'awa, ta fi amfani a kore. *This list is not exhaustive* jimla ce da lauyoyi da masu rubuta ƙa'idojin aiki suke sa wa a ƙarshen jeri, ma'ana "ba su ke nan ba". Wanda ke karanta takardar kwangila ko ta ɗaukar aiki ya lura da ita da kyau: idan jerin ayyukan da aka ɗora masa ya ƙare da wannan jimla, ana iya ƙara masa wasu da ba a rubuta ba.

Ba a furta *h* ɗin cikinta, *x* kuma yana fita kamar "gz". Tana ɗaukar *an*. Masu kula da salo suna guje wa *very exhaustive*, tunda abin da ya ƙare ba ya ƙara ƙarewa. Haɗarinta babba shi ne *exhausting*, mai gajiyarwa, da *exhausted*, wanda ya gaji tiɓis. Mai neman aikin da ya rubuta *I carried out an exhausting study* ya gaya wa masu ɗauka cewa aikin ya wahalar da shi, bai ce komai a kan ingancinsa ba.

Intensive

Ita ce bare a cikin biyar ɗin, domin ba ta magana a kan cika ko kaɗan. Abin da take aunawa shi ne yawan ƙarfi, ko kuɗi, ko kulawa da aka tara a ƙaramin lokaci ko ƙaramin wuri. Kwas ɗin awa 60 da aka shimfiɗa a mako 15, awa huɗu kowane mako, kwas ne na yau da kullum. Awa 60 ɗin nan idan aka matse su a mako biyu, awa shida a rana, kwana biyar a mako, ya zama *an intensive course*. Darasin bai ƙaru ba, lokacin ne ya tsuke. Wanda zai biya kuɗin irin wannan kwas ya tambayi jimillar awanni da abin da manhajar ta ƙunsa, domin kalmar ba ta amsa ko ɗaya.

A asibiti ma'anar ta fi fitowa fili. Sashen *intensive care*, wanda ake kira sashen kulawa ta musamman, wuri ne da nas ɗaya ke tsaye a kan majinyaci ɗaya ko biyu dare da rana, ga na'urori suna auna numfashi da bugun zuciya ba ƙaƙƙautawa. Tarihinsa yana komawa ga annobar shan inna ta 1952 a Kwafanhagan, babban birnin Denmak, inda likita Bjørn Ibsen ya kafa irin wannan sashe a 1953. Haka nan maganin tarin fuka na wata shida ya kasu biyu: wata biyun farko, da ake shan magunguna huɗu a haɗe, su ake kira *intensive phase*, sai wata huɗu na ci gaba da magunguna biyu. Ma'aikacin lafiyar da ya fassara matakin farko da "cikakken magani" ya jefa majinyaci cikin haɗari, domin zai iya ɗauka ya gama ya daina sha. "Matakin farko mai ƙarfi" ya fi kusa da gaskiya.

A noma kishiyarta *extensive* ce. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sanannen misali ne na *intensive farming* a littattafan labarin ƙasa, tun binciken da Michael Mortimore ya fara a shekarun 1960: ƙananan gonaki da ake nomawa kowace damina ba hutu, ana ciyar da su da takin dabbobi da sharar birni, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya. Makiyayin da ke yawo da garkensa a faɗin daji kuwa yana kan tsarin *extensive*. Tana kuma liƙewa a bayan suna da karan-ɗori, kamar *labour-intensive*, aiki mai cin hannaye da yawa irin su tsinkar tumatir, da *capital-intensive*, mai cin jari irin matatar mai.

Farashinta lamba ce: awa nawa, mutum nawa, cikin kwana nawa. Idan kana da lambar, kalmar ta tsaya, kuma ba ta tsufa. Rubutunta da furucinta ba wuya. Haɗarin duk yana wajen *intense*. Bambancin da ya fi taimako shi ne, *intense* abin da ake ji ne ko yake afkowa mutum, *intensive* kuwa abin da aka tsara aka yi da gangan. Zafin watan Afrilu a Sakkwato *intense heat* ne, ciwon naƙuda *intense pain*, gasa mai zafi *intense competition*. Horon mako uku da aka tsara *intensive training* ne. Idan aka ce mutum *intense* ne, ana nufin mai ɗaukar komai da zafi, kuma ba kullum yabo ba ne. *An intensive person* kuwa babu shi a harshen. Akwai kuma kuskuren ji da ya yaɗu har a tsakanin Turawa, *for all intensive purposes*, alhali daidai shi ne *for all intents and purposes*.

Rigorous

Tushenta taurin da ba ya lanƙwasuwa. Tana auna tsaurin hanya: an kafa sharaɗi tun kafin a fara, an bi shi ba sani ba sabo, ko da sakamakon bai yi daɗi ba. Wanda ya yi karatun hadisi ya riga ya san wannan tunani. Kafin a ce hadisi ingantacce ne sai isnadinsa ya haɗu, masu ruwayar su zama adilai, masu kiyayewa, ya kuɓuta daga saɓa wa waɗanda suka fi ƙarfi, ya kuɓuta daga ɓoyayyiyar illa. Sharaɗi ɗaya ya faɗi, hukuncin ya sauka, komai daɗin lafazin. Yawan abin da aka tara ba shi ne ma'auni ba.

Haka take a kimiyya. Gwajin maganin streptomycin a kan tarin fuka da aka wallafa a Ingila a 1948 ya yi suna ne saboda an raba majinyata rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, likita ba shi da ikon zaɓar wanda zai samu. A lissafi, Andrew Wiles ya sanar da hujjarsa a kan mas'alar Fermat, wata tsohuwar mas'ala da ta daɗe tana gagarar masana, a 1993, masu tantancewa suka gano giɓi a mataki ɗaya, sai da ya shafe kimanin shekara guda kafin ya toshe shi, aka wallafa a 1995. Hujjar lissafi ba ta zama *rigorous* sai kowane mataki ya tsaya da ƙafarsa.

Farashinta yana da yawa, sai dai ba irin na *exhaustive* ba. Ba a ce ka taɓa komai ba. An ce ka nuna hanyarka dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa: yadda ka zaɓi mutanen da ka tambaya, me ya sa su, wane ma'auni, me ka yi da amsoshin da suka saɓa wa hasashenka. Takardun tambaya 50 da aka raba wa abokan aji ba su cancanci wannan kalma ba, ko an cike su tsaf. Idan kuwa an cancanta, ita ce mafi ƙarko duka, domin hanya mai kyau ba ta lalacewa da shekaru. Ana siffanta mutum da ita, malami ko mai bincike. Ta fi zama da *test*, *analysis*, *method*, *standards*, *proof* da *selection process*.

Wajen rubutu akwai ɗan tarko: sunan a Turancin Ingila, wanda makarantun Najeriya da Gana ke bi, *rigour* ne, a na Amurka *rigor*, amma sifar a duka biyun *rigorous* ce, babu *u* a tsakiya. 'Yar uwar da ake rikita ta da ita *vigorous* ce, mai kuzari da ƙarfin jiki. *Vigorous exercise* motsa jiki ne mai sa gumi da haki.

| Kalma | Abin da take aunawa | Hujjar da za a nema | Ƙarko | Sauƙi | Mai kama da ita |
|---|---|---|---|---|---|
| thorough | zurfi da kula | matakan da aka bi | mai kyau | rubutu da furuci da wuya | through, though |
| comprehensive | faɗi | jerin sassa | matsakaici | doguwa amma ba wuya | comprehensible |
| exhaustive | ƙurewa | cewa babu saura | mai rauni | furuci da ɗan wuya | exhausting |
| intensive | ƙarfi a ɗan lokaci ko wuri | awanni, mutane, kwanaki | mai kyau | mai sauƙi | intense, extensive |
| rigorous | tsaurin ƙa'ida | hanyar da za a iya maimaitawa | mafi kyau | a kula da rubutu | vigorous |

Akwai kuskure guda da ya shafi dukkansu, kuma ya fi zaɓen kalmar kansa yawa a rubutun ɗalibai. *Research*, *training*, *information* da *evidence* sunaye ne da ba a ƙirgawa a Turanci, don haka ba sa ɗaukar *a* ko *an*. *A thorough research* kuskure ne. A ce *thorough research* ko *a thorough study*. *An intensive training* ma haka. A ce *intensive training* ko *an intensive training course*. Wannan doka ba ta hau kan *knowledge* da *understanding* ba, waɗanda suke karɓar *a* idan sifa ta gabace su: *a thorough knowledge of Excel* daidai ne.

Hanya mafi sauri ta jin bambancin ita ce a ɗora su a kan suna ɗaya. *Thorough training* horo ne da bai bar giɓi a abin da ya koyar ba. *Comprehensive training* ya taɓo kowane ɓangaren aikin. *Intensive training* an matse shi a 'yan kwanaki. *Rigorous training* yana da tsauri, ana gwaji, ana kayar da wanda bai kai ba. *Exhaustive training* kuwa da wuya a ji shi, domin horo ba rijiya ba ne da za a ga ƙasansa.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ɗalibin digiri na farko ko na biyu da ke bayyana bitar da ya yi, *thorough* ta ishe shi, ko *comprehensive* idan ya tsara babin bisa dukkan rassan maudu'in. Ya ajiye *rigorous* sai babin hanyar bincike, shi ma sai idan zai iya amsa tambaya uku a jere a kan yadda ya zaɓi samfurinsa. Idan tattaunawa mai zurfi ya yi da mutane kaɗan, kalmar fannin ita ce *in-depth interviews*, da karan-ɗori, ba *indepth* a haɗe ba.

Mai takardar neman aiki ya riƙe *thorough* don kansa da iliminsa, *intensive* don gajeren kwas ɗin da ya halarta tare da faɗin kwanakinsa, kamar *a five-day intensive course*. Wannan ya fi *an exhaustive training* nesa ba kusa ba, kuma babu mai ƙaryata shi a wajen ganawa.

Ma'aikacin da ke rubuta rahoto ko tsarin aiki ga ofis ko ƙungiya ya fi buƙatar *comprehensive*, bayan ya tabbatar da cewa kanun rahoton sun game fannin. Idan ya kawo jerin misalai a ciki, ya rufe da *not exhaustive* don kada a kama shi da abin da bai ambata ba.

Ɗan jarida ko mai fassarar labarai zai fi cin karo da *thorough investigation* a bakin hukumomi, wadda "cikakken bincike" ko "binciken ƙwaƙwaf" ke ɗauka, da *intensive talks*, wato tattaunawar da aka duƙufa a kai ba hutu, da *intense fighting*, ƙazamin faɗa. Kada ya mayar da su duka "mai tsanani".

*Exhaustive* a tabbace kuwa ta mai ƙidaya ce: ma'ajin da ya ƙirga kowane kwali a sito ya rubuta ranar ƙirgar, ko jami'in da ya jero rumfunan zaɓe na mazaɓa ɗaya da lambobinsu, ko mai tsara manhajar da ya gwada haɗi 10,000 ɗin nan duka ya ajiye sakamakon kowanne.